Babban Baƙi na Zurmi, Ƙarami na Shinkafi

Akwai maganar da har yau idan aka taru biki a Shinkafi sai wata tsohuwa ta tono ta, wai ni Saratu na taɓa zagin uwata da Turanci. Na san ta iso kunnenku, 'ya'yana, don ke Hadiza kin taɓa dawowa daga can kina kumbure-kumbure, na yi juyin duniya kika ƙi gaya mini dalili. To yau zan faɗa muku yadda aka yi, tun da da ni aka yi, kuma waɗanda suka fi ni sanin zancen duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Duk wanda ya ƙara tare ku da wannan magana ku zaunar da shi ku karanta masa babin nan. Idan ya ƙi zama ku rabu da shi, dama ba gaskiyar yake nema ba.

Uwaye biyu gare ni, kun san wannan. Wadda ta haife ni tana Shinkafi, ni ce 'yarta ta fari. Ana yaye ni yayar mahaifina ta zo daga Zurmi ta goya ni ta tafi da ni riƙo, don ita duk 'ya'yan da ta haifa ba wanda ya zauna. Ita na buɗe ido na gani, ita nake kira Inna. Ba ni kaɗai ba kuwa, duk unguwar Inna suke ce mata, daga yaran da ke zuwa sayen ƙuli-ƙulinta har mahaucin bakin hanya da ya girme ta. Mahaifiyata kuma Yaya nake ce mata, saboda duk lokacin da aka kai ni Shinkafi haka nake jin ƙannenta suna kiran ta, na ɗauka sunanta ke nan, ba kuma wanda ya gyara mini. Yaya 'yar malamai ce, ta sauke Alƙur'ani tun tana budurwa, ta yi littattafai a wurin mahaifinta, matan aure na zuwa ɗaukar karatu a rumfarta kowace safiya. Kunyar ɗan fari kuwa irin ta mutanen da ta riƙe, ba ragi. Ba ta taɓa faɗin sunana ba, ba ta kallon fuskata, ba ta yi mini magana kai tsaye. Idan na sauka gidan sai ta juya wajen wata ta ce a ba ta Zurmi ruwa, wato ni. Idan zan koma sai in tarar an cusa mini man shanu da daddawa a kaya, ba wanda ya san wanda ya sa. Mutane suna yaba mata, suna cewa ta cika 'yar gidan mutunci. Ni dai ina faɗa muku gaskiya, abin yana yi mini ciwo, kuma ban daina jin ciwon ba har na yi aure na haife ku.

Shekarar da abin ya faru muna zaune a Ƙaura da babanku, ina koyarwa a firamaren Sakajiki. Mahaifina ya riga ya rasu. Sai aka ce duk malamin da ke riƙe da tsohuwar takardar koyarwa ya koma ya ƙaro karatu, in ba haka ba ya ba wasu wuri. Haka na koma aji da furfura ta fara leƙo mini a goshi, ina zuwa kwaleji lokacin hutu, ina zama benci ɗaya da yaran da na koya wa ABCD. Mai koya mana Turanci wani siririn mutum ne, Malam Sanusi, ba ya rabuwa da jan biro a aljihun gaba. Aikin farko da na ba shi ya dawo mini da shi kamar an yanka kaza a kai. Laifina kuwa ɗaya ne, irin na dukan malaman zamaninmu: duk abin da nake ganin girmansa sai in ɗora masa babban baƙi. Malami babban baƙi, makaranta babban baƙi, gwamnati, asibiti, hedimasta, har shinkafa idan ta Sallah ce. Ya tsaya a kaina ya ce:

"Malama Saratu, babban baƙi ba rawani ba ne da za ki riƙa naɗa wa duk wanda kike girmamawa. Alama ce kawai, tana gaya wa mai karatu cewa wannan suna ne na abu guda, ba na kowa da kowa ba."

Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa na sha mur, amma maganar ta shige ni. Ya hau allo ya warware mana. Sunan mutum da na gari da na rana, irin su Luba da Zurmi da Juma'a, su ke ɗaukar babban baƙi. Kalmomin da kowane abu mai irin wannan siffa ke amsawa, kamar akuya da kasuwa da malami da uwa, su Turawa suna ce musu gama-gari, ƙaramin baƙi ne nasu komai darajar mai shi. Sai ya ce akwai wasu kalmomi masu ƙafa biyu, su ne na dangi: uwa, uba, kawu, gwaggo, kaka. Idan kalmar ta tsaya a madadin suna, wato da ita kake kiran mutumin kamar yadda za ka kira Luba, sai ta ɗauki babban baƙi. Idan kuwa ka sa mata my ko your ko his a gaba, wato ka ce tawa ko taka ko tasa, to ta sauke babban ta koma ƙarami. Na zauna ina kallon allon nan, sai na ji kamar labarin gidanmu ya rubuta. Shekara da shekaru ina koya wa yaran mutane abin da ban gane ba, sai ga shi a fili cikin darasi ɗaya.

Da zangon ya zo ƙarshe ya ba mu insha'i, kowa ya rubuta labarin wanda ya raine shi. Ni na rubuta na mata biyu. Inna, wadda nake kira da baki, na rubuta ta Mother da babban baƙi daga farko har ƙarshe, don sunanta ke nan a wurina. Yaya kuma na rubuta ta my mother da ƙarami, don ita ce tawa ta jini. Jimlar da na buɗe da ita har yanzu tana kaina: Mother tied me on her back in Shinkafi, and my mother stood at the door and did not cry. Ma'ana, Inna ta goya ni a Shinkafi, uwata kuma ta tsaya bakin ƙofa ba ta yi kuka ba. Malam Sanusi ya ɗaga takardar a gaban aji, ba ɗigon ja ko ɗaya a jikinta, ya ce wannan baiwar Allah ta raba mata biyu da baƙi ɗaya ba tare da ta faɗi sunan kowa ba, mai karatu kuma bai taɓa ruɗewa ba. Aka zaɓe ta ta ɗaya, aka buga ta a 'yar mujallar da kwaleji ke fitarwa. Kaina ya yi girma, ba zan ɓoye muku ba. Na karɓi kwafi biyu, na aika ɗaya Zurmi, ɗaya Shinkafi, ina ganin ko Yaya ba za ta yabe ni da baki ba, ai za ta ji an ce 'yarta ta yi abin kirki.

Na manta da Kawu Lawali. Ƙanen Yaya ne, ya yi aikin masinja a sakatariya har ya yi ritaya, kuma tun da ya shekara yana ɗaukar fayil daga ofis zuwa ofis ya yanke wa kansa hukuncin cewa Turancin da ke cikin fayilolin ya shige shi ta hammata. Duk takardar boko da ta shigo gidan shi ake kira wa. Ƙanwata Luba, autar Yaya, wadda ake shirin bikinta a lokacin, ita ta buga mini waya ta ba ni labarin tana kuka. Ta ce Kawu ya zo da safe, mata na cikin karatu, ya ɗora tabarau a karan hanci ya fara karantawa yana fassarawa, kowa na jin daɗi. Can sai ya tsaya, ya matso da mujallar kusa da ido, ya ja tsaki.

"Yaya, kin ga abin da ɗiyakki tay yi maki? Ga ta Zurmi nan an ba ta babban baƙi, tsaye kamar soro. Ke ko ga naki nan, ɗan mitsitsi, sai an duƙa a gane shi. Turawa ba su ba da ƙaramin baƙi sai ga akuya da tukunya da tsintsiya. Sunanai gama-gari. Ta maishe ki gama-gari gaban duniya, an buga an rarraba."

Luba ta ce Yaya ta karɓi mujallar ta duba inda yatsansa yake. Ba ta iya boko ba, amma mai ido ce, ta ga lallai ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ta miƙa masa abinsa ta ce:

"Rubutun da nis sani ba shi da babba da ƙarami, duka baƙaƙen Allah na. Tau, tun da nasu yana da shi, ta zaɓa."

Ta tashi ta shige ɗaki, ranar ba a ƙarasa karatu ba. Matan nan kuma kowace ta koma gida da labarin a bakinta, kafin azahar ya kai kasuwa. Ku da kuka san Shinkafi kun san abin da ya shiga kasuwarta ya shiga Jangeru, ya tsallaka har Nijar.

Aka fitar da ankon bikin Luba, aka rarraba wa dangi har na garin Ɗan Isa, nawa bai zo ba. A madadinsa Kawu Lawali ne ya zo da kansa, ya sauka zauren babanku ya sa aka kira ni. Ya ce saƙon Yaya ya kawo: kada in taka gidanta sai na koma kwalejin nan an sake buga labarin da babban baƙi a wurinta, na kawo, shi kuma ya karanta a gaban matan da aka kunyata ta a idonsu. Na durƙusa na gaishe shi kamar yadda ya kamata, na fara yi masa bayani a hankali, ina cewa Kawu ai ƙa'ida ce. Ko rabi ban kai ba ya ɗaga mini hannu.

"Ni za ki koya ma Turanci? Tun ba a san za a haihe ki ba nike cikin ofis. Mun ga takardun manya, ko sunan kujera in ta shugaba ta da babban baƙi aka rubuta shi. Ke dai ki ce kin hi son wadda tar riƙe ki, a wuce wurin."

Ya kaɗe rigarsa ya tafi, ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba. Babanku, mutumin zaman lafiya, ya bi ni ciki yana lallashi. Ya ce mene ne abin wahala a nan, in ɗauki biro in ja wa baƙin nan ƙafafu ya yi tsawo, a kai wa tsohuwa ta gani hankalinta ya kwanta, wa zai kama ni? Na ce masa ba zan yi ba. Ya ce taurin kaina ne zai kashe ni wata rana, na ce to sai ya shirya likkafani. Washegari na hau mota na tafi Zurmi in kai ƙara wurin Inna, ina tsammanin ita za ta goya mini baya. Na same ta tana murza ƙuli-ƙuli, na zayyana mata komai. Ta saurara har na gama, ta goge hannu a zane ta ce:

"Yo wanga shi na abin rigima? Ki ɗauke babban nan ki ba ta, ni ki ba ni ƙaramin. Mi za ni yi da baƙi, ci nikai ko sha? Ita tas sha wahalar haihuwakki, ni goyo kawai niy yi."

Na yi dariya har da hawaye, daga nan dariyar ta koma kuka na gaske. Na ce mata Inna ba rabon nama ba ne da za a sauya kaso. Abin da na kasa fahimtar da su a lokacin, ku ina so ku fahimta. Da na ja wa baƙin nan ƙafafu, da na amsa ke nan cewa da farko na wulaƙanta uwata, yanzu na tuba. Ni kuwa ban wulaƙanta ta ba. A duk rayuwata ban taɓa samun bakin da zan ce mata uwata ba, sai a takardar nan, da harshen wasu mutane, shi ne kuma aka ce in goge. Bayan haka ni malama ce. Ba zan tsaya gaban yaran Sakajiki ranar Litinin in koya musu abu, ranar Talata in je in rubuta kishiyarsa don Kawu Lawali ya ji daɗi ba.

Na biya kuɗin taurin kaina da abin da ya fi kuɗi. Aka yi bikin Luba babu ni, ni da nake babbar ya, ni ya kamata in tsaya kan komai, in raka ta ɗakinta. Na haɗa kayan da zan haɗa na ba babanku ya kai, na zauna a Ƙaura ina jin motocin 'yan biki na wucewa ta bakin titi. Ya dawo ya ce an karɓi kayan, an yi godiya, ba wanda ya tambaye shi ina nake. Damina ta sauka ta yi ƙarfi, gulbin Gagare ya cika ya koma, ban ji muryar kowa daga gidan ba sai Luba da ke satar kira. Haushin duk a kan yaran ajina na sauke shi. Duk yaron da ya bi ta hannuna a wannan zango, ko daga barci ka tashe shi ka ce ya rubuta kawuna da Turanci, ba zai sa babban baƙi ba. Wasunsu yanzu manyan ma'aikata ne, idan mun haɗu a hanya da shi suke tsokana ta.

Inna ce ta gaji. Bayan an yanke gero sai ga ta a Ƙaura da sassafe, da lulluɓinta da 'yar jakarta, ko zama ba ta yi ba ta ce in tashi mu tafi Shinkafi. Na ce ai an hana ni gidan. Ta ce an hana ni, ba a hana ta ba, ta ga wanda zai tare yayar maigidan a ƙofar gidan ƙanenta, ni kuma 'yar rakiya ce. Na ɗauki littafin Turanci na 'yan aji huɗu na sa a jaka muka hau mota. Mun isa hantsi ya ɗaga, dammunan gero jingine a tsakar gida, mata cike da rumfa suna karatu. Muna yin sallama karatun ya mutu. Yaya ta tashi ta tari Inna da girmamawa, ta shimfiɗa mata tabarma, ni ko inda nake ba ta duba ba, ranar ko ruwan ta Zurmi ba a ce a ba ni ba. Inna ta ce a kira mata Lawali, kuma kada mace ɗaya ta tashi, tun da a gabansu aka ɗaura a gabansu za a kwance.

Kawu ya shigo da tabarau a hannu, yana tambaya ko an kawo gyararren. Na ce na kawo, Kawu, amma a ƙasa zan rubuta shi kowa ya gani. Na zari kara ɗaya daga jikin dami, na share ƙasa da tafin hannu, na rubuta Mother da babban baƙi a dama, na rubuta my mother da ƙarami a hagu, manya-manya yadda na bayan rumfa ma za su hango. Da na ji kara a hannuna sai na ji kamar alli ne, na koma malamata sak. Na nuna Inna na tambayi matan yadda suke kiran wannan tsohuwa. Suka ce Inna, Inna ta Zurmi. Na ce to kun gani, ku ma da ba ta goya ku ba Inna kuke ce mata, mahauci ma haka yake ce mata, sunanta ke nan, kamar a ce Luba, kamar a ce Shinkafi. Babban baƙin nan abin da yake faɗi ke nan, cewa suna ne ake kira, kowa na iya kiran sa. Sannan na juya, ban nuna Yaya da yatsa ba, na dai kalli gefen da take na ce:

"Tau cikinku wa ka iya tsayawa nan ta ce ma mai gidan ga uwata?"

Wata daga baya ta ce sai dai ke da ƙannenki. Na sa karan a kan 'yar kalmar nan my, na ce wannan ita ce tawa. Turawa ba su haɗa biyun wuri ɗaya. Idan ka kira, ka ba da babban baƙi. Idan ka ce tawa ce, kalmar ta sauke babban baƙi, don ta riga ta sami mai ita. Kawu ya ce wannan duk dabarar 'yan boko ce, an tsara ta a mota. Sai na ciro littafin na buɗe shafin da na naɗe, na miƙa masa da hannu biyu na ce ya taimaka ya karanta mana, tun da ya fi mu ido. Hoton wani yaro ne da babansa a gona. Layin sama yaron na cewa my father is a farmer, da ƙaramin baƙi. Layin ƙasa yana gaishe shi, Good morning, Father, da babba. Uba ɗaya, ɗa ɗaya, shafi ɗaya. Na ce Kawu, yaron nan da safe ya girmama ubansa, a layin sama kuma ya zage shi ke nan? Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake dubawa, ya juya shafin ya ga ko bayansa zai cece shi.

"Kila masu buga littahin sunka yi kure."

Matan nan suka fashe da dariya, har da masu toshe baki da mayafi. Na ji daɗin dariyar nan har cikin ƙashina, ba zan yi muku ƙarya ba, damina guda nake jiran ta. Amma ba don Kawu na zo ba. Yaya ba ta yi dariya ba. Ta matso bakin tabarma tana kallon rubutun da ke ƙasa, ta daɗe, leɓenta na motsi kamar mai bitar karatu. Sannan ta juya wajen Inna, don har a lokacin ba za ta yi da ni ba, ta ce:

"Malam babanmu ya karantar da mu irin wanga a Larabci. Ummun, uwa ta, kowace uwa. In ka liƙa mata baƙin ya ɗin ga na ƙarshe ta koma ummi, ta zama taka kai ɗai. Ashe su gaba suka sa tasu."

Na ce wa Inna ta gaya mata haka ne, ba ko shakka. Inna ta ce ita ba tafinta ba ce, ga ku ga juna. Kawu ya fara wata magana a kan takardun ofis, Yaya ta ɗaga masa hannu yadda ya ɗaga mini a zauren babanku, ya haɗiye sauran. Kaji na tonon ƙasa a gindin dami. Yaya ta gyara lulluɓi, idonta na kan ƙasa, ta sake cewa Inna:

"Tambaye ta. In ni za ni rubuta ta da Turancin nan, da wane baƙi za a sa ta?"

Na amsa kamar ina aji. Na ce idan kira na za a yi, kalmar ta tsaya a madadin suna, to babba ne, Daughter. Idan kuwa za a ce tawa ce, ƙarami ne, my daughter. Sai Yaya ta ɗago kai. Tun da nake ban taɓa ganin ƙwayar idonta a cikin nawa ba sai ranar, ashe irin idona ne da ita. Ba ta bi ta kan Inna ba, ni ta yi wa magana, a gaban matan unguwa da ƙanenta da kowa:

"Rubuta da ƙaramin."

Na duƙa na rubuta, baƙaƙen suka fito a karkace kamar na ɗan aji ɗaya. Inna na share hawaye tana faɗa wai hayaƙin murhu ne, alhali ba a hura wuta ba. Yaya ta dubi rubutun, ta tambayi Luba, da ta zo ganin gida, wanne ne tawa ɗin, aka nuna mata. Ta miƙa hannu ta jawo faifai ta kife a kai don kada kaji su tone, sannan ta ce wa matan su buɗe inda aka tsaya, a ci gaba da karatu.

Na kwana biyu a gidan. Kawu Lawali bai ƙara karanta wa kowa takarda ba sai ya fara cewa a kai wa Saratu ta duba, kuma mun shirya kafin ya rasu, har yana aiko mini da jikokinsa hutu in gyara musu Turanci. Takardar kwaleji na karɓe ta da sakamako mai kyau, na ci gaba da aikina har na yi ritaya. Yaya kuwa har ta koma ga Allah ba ta faɗi sunana ba, ta Zurmi nake a bakinta, ban kuma ƙara jin ciwon haka ba ko sau ɗaya. Luba ta gaya mini faifan nan ya daɗe a kife a tsakar gida, ana shara ana zagaye shi, har iska ta cinye rubutun ba wanda ya isa ya ɗaga. Wata rana wata baƙuwa ta kai hannu za ta ɗauka ta yi bakace, Yaya ta ce mata daga rumfa:

"Bar shi nan, akwai ajiyata ƙarƙashi."